Awon Abin Da Ido Ba Ya Gani: Yadda Ake Sa Ido Kan Zaren Ƙwayoyin Zarra

A ƙarƙashin iyakar Faransa da Suwizalan, kusa da birnin Jeniba, akwai rami mai siffar zobe wanda kewayensa ya kai kilomita 27. A cikinsa cibiyar binciken nukiliya ta Turai, wato CERN, ta girka injin da ake kira LHC, wanda aikinsa shi ne ya ɗauki furoton, ɗaya daga cikin ƙananan ƙwayoyin da ke cikin cibiyar zarra, ya ingiza su har gudunsu ya kusa kamo na haske, sannan ya gwara su da juna don a ga abin da zai fito. Da shi aka gano ƙwayar Higgs, wadda ke da nasaba da yadda wasu ƙananan ƙwayoyi ke samun nauyi, aka sanar da ita ranar 4 ga Yuli, 2012. Sai dai ma'aikatan da ke zaune a ɗakin sarrafa injin ba sa ganin ko ƙwaya ɗaya, domin ƙwayoyin suna cikin bututun ƙarfe da aka zuƙe iskarsa, bututun yana cikin maganaɗisu, maganaɗisun yana ƙarƙashin ƙasa kimanin mita 100, kuma muddin injin yana aiki ba a barin kowa ya sauka ramin. Duk abin da suka sani game da zaren ƙwayoyin nan, wato siririn jerinsu da ke gudu a cikin bututun, yawansa da matsayinsa da kaurinsa, na'urorin awo ne suka gaya musu. A ganina, amfanin irin wannan inji, babba ne ko ƙarami, iyakarsa ingancin awon da ake yi masa, kuma maganar ta shafe mu a nan karkarar Jigawa, domin ƙananan 'yan uwansa ne ake gasa wa majinyatanmu ciwon daji da su.

Sai an san irin abin da ake tsaro kafin a gane dalilin ɗawainiyar. Zaren curi-curi yake tafiya, kuma bisa tsarin da aka zana injin a kai, kowane ɗaya daga zarurruka biyun da ake gwarawa yana ɗauke da curi 2,808, kowane curi da furoton kimanin biliyan 115, tsakanin curi da mai bi masa tazarar mita 7 da rabi. Suna kewaya zoben sau 11,245 a sakan ɗaya, wato kewaye guda yana cin maikirosakan 89, maikirosakan kuwa kashi ɗaya ne cikin miliyan na sakan. Da za a tsayar da furoton ɗin duka a ɗora su a sikeli, nauyinsu ba zai kai kashi ɗaya cikin biliyan na giram ba, amma saboda tsananin gudu makamashin da suke ɗauke da shi ya kai megajul 362. Wannan bai wuce abin da ke cikin lita 10 na man dizal ba, sai dai dizal a hankali yake ci, shi kuwa zaren yana iya juye nasa gaba ɗaya a ɗan ƙaramin wuri kafin ƙiftawar ido, kuma an lissafa cewa ya isa ya narkar da rabin tan na jan ƙarfe. Ga shi kuma yana wucewa ne 'yan santimita kaɗan daga wayoyin manyan maganaɗisu 1,232, waɗanda aka sanyaya da ruwan hiliyom zuwa digiri 271 ƙasa da sifili, domin a irin wannan sanyi ne kaɗai suke iya ɗaukar wutar da ta haura amfiya 11,000 ba tare da sun yi zafi ba. Idan ɗan ƙanƙanin kaso na zaren ya kauce ya bugi waya, wurin zai ɗumama, maganaɗisun ya saki ƙarfinsa, a ɓata sa'o'i ana sake sanyaya shi. Idan kuwa kason babba ne, gyaran watanni ake magana.

Hanyoyin awo na farko duk na tarewa ne. Akwai kofin ƙarfe da aka sa wa sunan masanin Ingila Michael Faraday, wanda ake girkewa a kan hanyar zaren, ƙwayoyin su zube a ciki, a auna cajin wutar da ya taru, a san yawansu. Akwai kuma allon wani irin tangaran wanda idan zaren ya ratsa shi sai ya yi ɗigon haske, kyamara ta ɗauka. Ranar 10 ga Satumba, 2008, da furoton suka fara kewaya zoben LHC gaba ɗaya, curi ɗaya mara ƙarfi aka tura, ana tare shi zango-zango, a duba inda ya karkata, a gyara, a buɗe masa gaba, har cikin ƙasa da sa'a ɗaya aka ga ɗigo biyu a allo guda, ɗaya na shigarsa, ɗaya na dawowarsa bayan ya kewayo. Amma abin da aka yi wa curi ɗaya mara ƙarfi ba ya yiwuwa da cikakken zare, wanda zai huda allon ya wuce. Dole a nemi yadda za a auna shi ba tare da an taɓa shi ba.

Duk wanda ya tsaya kusa da mai gyaran wuta ranar da famfon burtsatsen unguwa ya ƙi tura ruwa ya ga tushen wannan dabara da idonsa. Yaron da ke yi mana wannan aiki ba ya yanke waya, ba ya ma feɗe robarta. Mitarsa mai baki yake cirowa daga jaka, ya matsa bakin ya buɗe, ya rungumo waya ɗaya daga cikin waɗanda suka taso daga janareta, ya saki ya rufe, sai lamba ta bayyana, ya juyo ya ce wa mai unguwa: "Ranka ya daɗe, famfon yana jan wuta fiye da ƙima, sai an fito da shi." Abin da ya faru shi ne duk wutar da ke gudana tana da ƙarfin maganaɗisu da ke kewaye ta, bakin mitar kuwa zoben ƙarfe ne da aka naɗa wa siririyar waya, shi ke kama wannan ƙarfi. To, zaren furoton ma wutar lantarki ce, wayar ce kawai babu, kuma a LHC ba ta wuce rabin amfiya da 'yan kai ba, ƙasa da abin da famfon nan ke ja. Saboda haka ake zura bututun ta cikin irin wannan zobe. Akwai wahala biyu. Ta farko, bangon bututun yana ɗauke da wutar da zaren ya jawo mai tafiya akasinsa, wadda za ta soke awon, don haka sai an yanke ƙarfen an sa gaɓar tangaran a wurin, an zagayar da waccan wuta ta bayan zoben. Ta biyu, irin wannan zobe wutar da ke canzawa kaɗai yake ji, shi ya sa yake iya ƙirga curi ɗaya bayan ɗaya amma ba ya ba da jimillar da ta zauna daram. A shekarar 1969 wani injiniyan CERN, Klaus Unser, ya fito da maganin wannan: a tura wata wuta sananniya ta cikin zoben ta fuskar da ta saba wa ta zaren, a yi ta ƙara ta har ƙarfin maganaɗisun ya koma sifili, to, a nan wutar da aka tura daidai take da ta zaren. Da wannan awo ake ganin yadda zaren ke raguwa sa'a bayan sa'a, a yanke shawarar lokacin da ya kamata a zubar da shi a cika sabo.

Sanin yawa bai gaya wa kowa inda zaren yake ba. Don haka aka dasa tasoshin awon matsayi sama da 1,000 a kewayen zoben, kowace da maɓallan ƙarfe huɗu a jikin bangon bututu. Duk curin da ya wuce yana jawo ɗan caji a kan kowane maɓalli, kuma maɓallin da ya fi kusa da shi ya fi samu. Sai a debe na hagu daga na dama, a raba da jimillarsu, kuma wannan rabawar ita ce hikimar, domin ita ke sa amsar ta zama ta matsayi zalla, ko curin mai yawa ne ko kaɗan. Kwamfuta tana karɓar waɗannan lambobi sau da yawa a kowane sakan, ta umarci ɗaruruwan ƙananan maganaɗisu su mayar da zaren kan turba. Waɗannan tasoshi kan tona abin da ba wanda ya zata. A 1996, a injin LEP da ya riga LHC zama a wannan rami, zaren elektiron, wato ƙwayoyin da ke kewaye cibiyar zarra, ya ƙi wuce wani wuri, aka bi lambobin har aka taƙaita inda yake ɓacewa, da aka buɗe bututun sai ga kwalaben giya biyu babu komai a ciki.

Daga waɗannan maɓallai kuma ake ciro wani awo wanda ya fi wuyar fahimta, kuma ya cancanci a tsaya a kansa. Furoton ba ya bin tsakiyar bututu sak. Akwai wasu maganaɗisu masu matse zaren, waɗanda duk ƙwayar da ta kauce suke turo ta ciki, ita kuma ta zarce tsakiya ta fita ɗaya gefen, a sake turo ta, ta haka take tafiya tana lilo hagu da dama, sama da ƙasa. Yawan lilon da take yi a kewaye ɗaya lamba ce da rayuwar zaren ta rataya a kanta, kuma a tsarin LHC na asali 64.31 ce a kwance, 59.32 a tsaye. Ɓurɓushin da ke bayan ɗigon shi ne abin lura. Babu maganaɗisun da aka ƙera ba aibi, kowanne yana ɗan ture zaren fiye ko ƙasa da yadda aka so. Da lambar cikakkiya ce, a ce 64 cif, to, kowane kewaye ƙwayar za ta iso gaban maganaɗisu mai aibin a daidai yanayin da ta iso a baya, turin ya hau kan turi sau dubbai a sakan, nan da nan ta daki bango. Haka abin yake, ko da yake da sauƙi, idan ɓurɓushin rabi ne, ko sulusi, ko rubu'i. Wanda ya duba 0.31 da 0.32 zai ga a gab da sulusi suke, wato filin da aka bar wa zaren ƙanƙani ne ƙwarai. Ga shi kuma a cikin kusan minti 20 da ake ɗauka ana ɗaga makamashinsa daga GeV 450 zuwa 6,800 (GeV ma'aunin makamashin ƙwaya ɗaya ne), lambar tana son zamewa. Shi ya sa aka ƙera na'urar da ke jin lilon da bai kai maikiron ɗaya ba, wato kashi ɗaya cikin dubu na milimita, tana bin lambar tana gyara maganaɗisun matsi ba tare da jiran hannun mutum ba.

Kauri kuma shi ke nuna ko za a sami karon da ake nema, domin a wuraren gwarawa ana matse zaren har faɗinsa ya gaza maikiron 20, ƙasa da kaurin gashin kai. Hanyar da aka fi amincewa da ita ita ce a wulga siririyar wayar kabon mai kaurin maikiron 30 ta ratsa zaren da gudun mita ɗaya a sakan, a ƙirga tartsatsin ƙwayoyin da ke tashi a kowane matsayi na wayar. Aibinta shi ne cikakken zare zai ƙone ta. Sai aka koma ga wani haske da duk ƙwaya mai caji ke fitarwa idan maganaɗisu ya lanƙwasa hanyarta, wanda aka fara gani da ido a 1947 a ɗakin binciken kamfanin General Electric da ke jihar New York ta Amurka. Ana karkato hasken da madubi zuwa kyamara, a sami hoton zaren ba a taɓa shi ba. Amma madubi da gilashi suna ƙara wa hoton faɗi, don haka sai a sa zare mara ƙarfi, a auna shi da waya da kuma haske a lokaci guda, a daidaita na hasken da na wayar. Wannan ɗabi'a ta sa na'ura ta binciki 'yar uwarta tana ko'ina a wannan fanni, kuma ita ce abin da na fi so ɗalibaina su ɗauka daga gare shi.

Duk waɗannan na gyara ne. Na ceto su ne silindodi masu ruwan ɗorawa kusan 4,000 da aka ɗaure a bayan maganaɗisu, kowace tsawonta kimanin rabin mita, cike da iskar naitirojin, da faifan ƙarfe a jere a ciki waɗanda aka ɗora wa wuta mai ƙarfi. Idan furoton suka kauce suka bugi bango, tartsatsinsu yana ratsa ƙarfe ya shiga silindar, ya fizge elektiron daga iskar, wuta ta gudana gwargwadon yawan ɓarin. Ana karanta kowace silinda duk bayan maikirosakan 40, wato sau biyu kafin zaren ya kewayo sau ɗaya. Da zarar wata ta haura iyakar da aka yanka mata, umarnin zubarwa ya tafi. An bar giɓin maikirosakan 3 a jerin curin, babu ƙwaya a cikinsa, domin wasu maganaɗisu 15 su sami damar tashi daga sifili zuwa cikakken ƙarfi, su fizge zaren daga zoben, su tura shi ta wani rami mai tsawon kusan mita 700, ana warwatsa shi a hanya don kada ya sauka a ɗigo ɗaya, har ya nutse a cikin gungumen girafayit, irin abin da ke bakin fensir, mai tsawon kusan mita 8. Daga ganin haɗari zuwa fitar curi na ƙarshe bai wuce kewaye uku ba. Kuma an gina tsarin ne ta yadda zaren ba ya zama a zoben sai na'urorin tsaro suna ci gaba da aiko da izini. Waya ta tsinke, ko wuta ta ɗauke wa wani akwati, izinin ya yanke, zaren ya fita. Shirun na'ura ba a ɗaukarsa a matsayin lafiya.

Sai dai yanka iyakar nan ba lissafi ne kawai ba, akwai hukunci a ciki. Tun daga 2010 silindodin suka fara nuna wani ɓari na farat ɗaya, mai ɗaukar kusan kashi ɗaya cikin dubu na sakan, a wuraren da ba a san da wata matsala ba. Bincike ya nuna ƙura ce, ƙwayoyin da ido ba ya gani, suna faɗowa cikin zaren, su ɗauki caji, zaren ya tunkuɗe su waje. Mu da muke share ƙurar hunturu daga kan tabarma safe da yamma, abin jinjinawa ne a ce ƙwaya ɗaya tak ta isa ta tsayar da inji mai wannan girma. Kowace zubarwa tana cin sa'o'i kafin a sake cikawa, kuma da aka tara bayanai sai aka ga yawancin ɓarin yakan ƙare da kansa kafin ma zubarwar ta kammala, wato an yi asarar zaren ba a kare komai ba. Bayan an ƙara makamashin injin a 2015, sai aka ɗaga iyakar a wurare da dama, aka yarda cewa jefi-jefi wani maganaɗisu zai ɗumama. Ba su yi haka don sun gaji da ƙararrawa ba, sai da suka auna abin da maganaɗisun ke iya jurewa, kuma wannan bambanci zai dawo mana idan mun zo maganar asibiti.

Akwai kuma lokacin da awo ya yi kyau har ya fara jin abin da ke wajen injin. A LEP, wanda ya yi aiki daga 1989 zuwa 2000, ana bukatar sanin makamashin zaren da matuƙar daidaito don a auna nauyin wata ƙwaya da ke fitowa daga karon, wadda ake kira Z, kuma an sami hanyar da kuskurenta bai wuce 'yan kashi kaɗan cikin 100,000 ba. Sai aka ga makamashin yana hawa da sauka sau biyu a yini. Wata ne, tare da rana. Jan da suke yi wa teku suna yi wa ƙasa ma, har doron ƙasar yankin Jeniba yakan ɗaga ya sauka da kimanin santimita 25, kewayen zoben ya canza da milimita ɗaya cikin kilomita 27. Tunda gudun ƙwayoyin ba ya canzawa, kuma lokacin kewayensu a ƙayyade yake, tsawon hanyarsu ba ya bin miƙewar zoben, sai su koma gefe a cikin maganaɗisun matsi, makamashinsu ya sauya. A 1992 aka bi abin sa'a bayan sa'a a lokacin cikar wata, ya dace da lissafi. A 1995 kuma aka gano wani motsi a ƙarfin maganaɗisun wanda yake lafawa da tsakar dare ya dawo da asuba, ashe wutar da ke zurarewa cikin ƙasa daga layin dogon jiragen lantarki ce take bin bututun injin. Ba a hana wata fitowa ba, ba a tsayar da jirgi ba, an dai shigar da su cikin lissafi, aka sami nauyin Z a kan GeV 91.19, domin da ma'aunin makamashi ake faɗin nauyin irin waɗannan ƙwayoyi.

Injinan hanzarta ƙwayoyi a duniya sun haura 30,000, kuma mafi yawansu a masana'antu da asibitoci suke. A Najeriya akwai na bincike a Jami'ar Obafemi Awolowo da ke Ile-Ife, mai ƙarfin bolt miliyan 1.7, wanda aka ƙaddamar a 2008, ana harba zarensa kan samfurin ƙasa ko dutse don a san sinadaran da ke ciki. Amma wanda talaka zai iya haɗuwa da shi shi ne injin gashin ciwon daji. Elektiron yake hanzartawa a cikin ɗan gajeren bututu, ya buga su a kan ƙarfen tungustin, hasken eksire mai ƙarfi ya fito, a saita shi kan inda ciwon yake. Wani maƙwabcina da ya kai maiɗakinsa gashi a wani asibitin koyarwa ya dawo yana ba da labari a majalisa bayan isha'i, ransa a ɓace. Ya ce mini: "Malam, tun asuba muke kan benci, ita ga jiki ba ƙarfi, sai aka ce mu dakata ana gwada inji. Da aka buɗe ƙofa na hango, babu kowa a kan gadon, wani ɗan akwati suka ɗora suna ta gasawa." Na ce masa: "Alhaji, wannan akwatin shi ne shaidar cewa abin da injin ya ce zai ba Hajiya shi zai ba ta." Fushinsa yana da dalili, domin kuɗin mota da na masauki da gonar da aka bari ba ƙaramin abu ba ne, kuma da wani ya ɗauki minti biyu ya yi masa bayani da bai dawo da wannan ƙullin ba.

A cikin kan injin akwai ɗakunan iska biyu, dangin silindodin LHC ne, waɗanda hasken ke ratsawa kafin ya isa jikin majinyaci. Na farko yana ƙirga abin da ya wuce, ya kashe injin idan adadin ya cika. Na biyu yana nasa ƙirgen daban, ya kashe idan na farko ya gaza, bayansu kuma akwai agogo. An rarraba faifansu kashi-kashi don a ga ko hasken ya fi yawa a gefe guda, a gyara saitin zaren elektiron nan take. Yawanci ana ba majinyaci gire 2 a rana (gire shi ne ma'aunin yawan gashin da jiki ya sha), kwana biyar a mako, har makonni da dama, kuma ƙa'idar da aka daɗe da amincewa da ita ita ce kada abin da ya samu ya saba da abin da likita ya rubuta da fiye da kashi 5 cikin 100. Ƙasa da haka ciwon zai iya dawowa, sama da haka lafiyayyen nama ya ƙone. Waɗannan ɗakuna biyu kuwa ba su san gire ba sai an koya musu, kuma mai koya musu shi ne masanin fizis na asibiti, da wani ɗan ƙaramin ɗakin iska da yake nutsawa a cikin tankin ruwa.

A nan yanayin ƙasarmu yake shigowa kai tsaye. Wannan ɗan ɗaki a buɗe yake ga iskar waje, don haka abin da yake karantawa ya danganta da yawan iskar da ke cikinsa. Duk ƙarin zafi na digiri 3 yana rage karatun da kusan kashi 1 cikin 100, abin da ke da muhimmanci a ranar bazara da na'urar sanyaya ɗaki ta tsaya. Ga kuma tudu: Kano tana kimanin mita 480 sama da teku, nauyin iskarta ya gaza na bakin teku da kusan kashi 5 cikin 100. Wanda ya ɗauko na'urar da aka daidaita bisa ma'aunin bakin teku, ya yi aiki da ita a Kano bai gyara lissafin ba, zai ga kamar injin yana ba da ƙasa da ƙima, ya ƙara masa, ya cinye dukan rangwamen kashi 5 ɗin a mataki guda. Ma'aunin zafi da ma'aunin nauyin iska, waɗanda kuɗinsu bai taka kara ya karya ba idan aka kwatanta da na injin, suna cikin abubuwan da ran majinyaci ya dogara da su.

Tarihi ya nuna hanyoyi biyu da abin ke ɓaci. Tsakanin 1985 da 1987, a Amurka da Kanada, injin Therac-25 ya yi wa mutum 6 mummunan gashi, wasunsu suka rasu. An cire makullan tsaro na ƙarfe da waya da injinan baya suke da su, aka bar wa manhajar kwamfuta aikin, ita kuma tana da kuskure. A jihar Texas a 1986 hasken ya yi yawan da ya fi ƙarfin ɗakunan iskar, suka cika suka kasa ƙirgawa, allon ya nuna wa ma'aikaciya cewa abin da aka bayar bai ma kai ba. A nan na'ura ce ta faɗi abin da ba haka ba, kuma babu wata mai zaman kanta da za ta ƙaryata ta. A birnin Saragoza na Sifaniya kuwa, a Disambar 1990, akasin haka aka yi. An gyara inji, gyaran ya bar makamashinsa a maƙale a sama, allurar da ke nuna makamashi ta tsaya a kan MeV 36 (MeV kashi ɗaya ne cikin dubu na GeV) ko wane adadi aka zaɓa, ma'aikata suka ɗauka allurar ce ta lalace. Gaskiya take faɗa. Aka ci gaba da gashi kwana 10, mutum 27 abin ya shafa, fiye da 10 suka rasu, kuma ba a kira masanin fizis ya auna injin bayan gyaran ba.

Shi ya sa idan na ji an ware biliyoyin naira don sayo injin gashi, abin da nake so 'yan majalisarmu da 'yan jarida su tambaya shi ne ko kuɗin ya haɗa da tankin ruwa da ɗakunan awo, da kwangilar gyara ta shekaru, da tsayayyar wuta, da albashin da zai riƙe masanin fizis a Kano ko Dutse kada ya tafi. Matasan da za su iya aikin suna nan, suna karatun fizis a Jami'ar Bayero, da Jami'ar Tarayya ta Dutse, da Jami'ar Sule Lamido da ke Kafin Hausa, kuma da yawansu ba su taɓa jin cewa akwai wannan sana'a ba. Hukumar kula da harkokin nukiliya ta ƙasa, NNRA, ita ke ba da lasisin irin waɗannan injina, kuma tana da cibiya a Ibadan inda ake daidaita na'urorin awo. Sama da wannan akwai binciken waje da hukumar makamashin nukiliya ta duniya, IAEA, tare da Hukumar Lafiya ta Duniya suke gudanarwa tun 1969. Suna aiko wa asibiti ƙananan ma'aunai, asibitin ya gasa su da gire 2 bisa nasa lissafin, ya mayar da su ɗakin gwajin hukumar da ke Seibersdorf kusa da Biyana, a karanta abin da suka samu a zahiri. Idan saɓanin ya wuce kashi 5 cikin 100, sai a sake aiko da wasu, idan ya ci gaba kuma a nemo ƙwararren da zai je asibitin ya bi diddigin inda kuskuren yake.